Kwana 12 ina koyon tashi da faramota a tuddan Keita: abin da na biya da abin da na samu

Sana'ata gyaran babura da injin ban-ruwa ce a nan Tawa, shekara 19 ke nan. Tun da aka ga hotona a waya ina rataye a sama, duk wanda ya shigo gareji tambayarsa ɗaya: wa ya koya maka, nawa ka biya, kuma mu je ko kada mu je? Na gaji da amsawa gutsure-gutsure da hannu cikin baƙin mai, shi ya sa na zauna na rubuta. Sunan malamin ba zai fito ba, domin akwai yabo a maganata, akwai kuma ƙorafi.

Ga wanda bai taɓa gani ba, faramota lema ce doguwa mai siffar fiffike, da igiyoyi da yawa da suke haɗuwa a kujerar da kake ɗaure a ciki, sai inji a bayanka da farfela cikin keji. Babu taya, ƙafafunka ne ke gudun tashi, su ne kuma ke karɓar ƙasa. Wadda na yi amfani da ita lemarta murabba'in mita 26 ce, injin kuma Moster 185 ne na kamfanin Vittorazi na Italiya, mai ƙarfin doki kamar 25, irin wanda ake gauraya wa fetur da man inji kamar tsofaffin baburanmu. Idan an zuba mai, kayan sun haura kilo 30 a gadon baya. Yana shan wajen lita 4 a awa, gudunsa a sama kuma bai wuce na babur a hanyar ƙauye ba, kilomita 40 a awa ko kusa da haka. A matsayina na makanike ban ga abin kushewa a injin nan ba. Ƙararsa tsaf, kuma duk abin da ke jikinsa hannu na kaiwa.

Sha'awar ta daɗe a raina. Lokacin da nake biɗa a Abijan na ga hotunan wani Ba'amurke mai suna George Steinmetz, wanda ya yi ta shawagi da irin wannan lema a hamadar ƙasarmu a ƙarshen shekarun 1990. Hoton ramukan gishiri na Tegidda n Tesumt ne ya tsaya mini, kowane rami da launinsa kamar an jera ƙore. Na ce a raina, baƙo ya ga ƙasarmu ta inda mu ba mu taɓa ganinta ba.

Malamin ɗan Nijar ne, mazaunin Yamai, a waje ya koyo. Ya zo da mota ɗaya, inji biyu, lema uku. Mu uku ya ɗauka: ni, da wani ma'aikacin lafiya, da wani Alhaji mai fataucin albasa daga Galmi. Jika 450 kowa ya biya na kwana 12, da kayan aiki da mai a ciki, abinci da wurin kwana kuwa na kanmu. Alkawarin da ya yi da baki shi ne kowa zai tashi sau 10 shi kaɗai.

Abu na farko da ya burge ni bai shafi sama ba. Kafin a sauke ko igiya ɗaya daga mota, ya nuna mana takardunsa na izini, muka je muka sanar da jandarmomi, sannan muka kai wa maigari gaisuwa da goro, aka kira mai gonar da za mu yi amfani da ita. A halin tsaron da ake ciki, mutum ya tashi da abu mai ƙara a sama ba tare da hukuma ta sani ba, ya jawo wa kansa da mutanen garin fitina. A gaban maigari ya kafa mana doka biyu: ba a bi ta kan gidaje, domin tsakar gida wurin sirrin mata ne, kuma ba a sauko ƙasa-ƙasa kusa da garke. Maigari ya ce, "To, Malam, tun da ka san wannan, gonar taku ce."

Filin yana tsakanin Tamaske da Keita, gonar gero ce da aka girbe, a watan Nuwamba. Yini guda muka yi muna tumɓuke kututturen kara da share ƙarangiya. Duk da haka kowace yamma sai mun zauna muna cire ƙarangiya daga igiyoyi ɗaya bayan ɗaya, domin igiyar da ta harɗe tana iya karkatar da lema a lokacin tashi.

Daga nan sai kwana shida na abin da ban yi zato ba. Babu inji, babu tashi. Lema kawai za ka ja ta cika da iska, ta hau bisa kanka, ka riƙe ta a can da birki biyu da ke hannunka, ka juya, ka yi gudu, ka kwantar da ita, ka sake. Kafaɗuna sun yi tsami, igiya ta yanke ni a yatsa. A rana ta huɗu Alhaji ya kasa haƙuri, ya ce, "Malam, mu fa kuɗin tashi muka biya." Malam ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. Tashi inji ne ke yi maka. Abin da nake sayar maka shi ne ka dawo wa iyalinka da ƙafafunka biyu." Alhaji ya yi shiru ya ɗauki lemarsa.

Darasin da ya fi kowane daraja a wurina a bisa dutse aka yi shi, kuma saboda shi kaɗai ban yi da-na-sanin kuɗina ba. Duk wanda ya san Adar ya san duwatsunmu: samansu shimfiɗe kamar tebur, bakinsu kuma a yanke yake ya gangaro kwari. Malam ya sa muka hau ɗaya da ƙafa, kowa da leda cike da toka. A gefen da iska ke bugowa, wato arewa maso gabas a lokacin hunturu, ya ce mu watsa. Tokar ta bi gangaren ta haura sama sumul. Muka tsallaka ɗaya gefen muka sake watsawa. Nan tokar ta fita, ta nutse, ta murɗe, ta dawo mana a fuska. Ya ce mu tuna yadda ruwan ƙorama ke yi a bayan babban dutse da damina, yana juyawa yana haƙa rami. Haka iska take a bayan tudu, sai dai ita ba a ganinta. Lema ba ta da ƙashi, iskar da ke cikinta ce ke ba ta siffa, don haka idan ta shiga wannan murɗaɗɗiyar iska gefenta na iya naɗewa, kuma idan kana kusa da ƙasa babu lokacin gyarawa. Tun ranar, kafin ka taɓa inji sai ka nuna masa da hannu inda iska ta fito, da duwatsun da ba za ka bi ta bayansu ba.

Ya kuma koya mana agogon wurin. Baƙaƙen duwatsun nan suna ɗaukar zafi da wuri, kafin ƙarfe 9 iska mai ɗumi ta fara tashi daga kansu tana girgiza lema, da rana tsaka kuma ga guguwa tana yawo a fili. Saboda haka daga fitowar rana zuwa ƙarfe 8 da rabi kawai ake tashi, sai kuma awa ɗaya kafin magariba. A rana ta takwas mun gama shiri, an ɗaura mini inji a baya, sai ya tsaya yana kallon tsumman da ya ɗaura a kan gora. Tsumman na nuna gabas, ya koma arewa, ya faɗi, ya sake miƙewa. Ya ce a kwance. Babu guguwar da ta zo ranar, babu abin da ya faru, kuma bai ba kowa haƙuri ba. Raina ya ɓaci a lokacin. Yanzu kuwa, da za a ce in zaɓa wa ƙanena malami, wannan halin zan fara nema.

Washegari bayan sallar asuba na tashi. Na duba ɗamarar cinyoyi sau biyu kamar yadda aka koya mana, na yi kira a kauce wa farfela, na yi bisimilla. Lema ta hau, muryar Malam ta rediyo a kunnena tana cewa in ba da wuta in ci gaba da gudu, kada in zauna. Na yi taku kamar 15 sai na ji ƙafata tana gudu a kan babu. Minti 14 na yi, a tsayin mita 150.

Abin da na gani shi ne ya sa hawaye ya zubo mini cikin hular kwano. Daga ƙasa, jerin duwatsun da ke jikin gangaren Keita tarin tsakuwa ne kawai da muka saba wucewa. Daga sama sai ga su layi bayan layi suna bin kwanciyar tudu, ga ramukan da aka haƙa don tare ruwa, ga itatuwa a jere inda dā fako ne, ga ruwa na ƙyalli a bayan madatsa. Wannan aikin gyaran ƙasa ne da aka fara a 1984 da tallafin Italiya da FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, bayan fari, kuma mata ne suka yi mafi yawansa domin maza sun tafi biɗa. Innata tana cikinsu. Ina yaro nakan ga ta dawo da yamma da ƙura har gira, an biya ta da abinci. Ban taɓa sanin girman abin da suka ɗauka a kansu ba sai da na gan shi gaba ɗaya a ƙarƙashin ƙafafuna. Na sauka a tsaye, na tsuguna a gonar na daɗe ban yi magana ba.

Yanzu ga inda aikin ya gaza, kuma ba ƙananan abubuwa ba ne.

A rana ta goma ma'aikacin lafiyar ya yi tuntuɓe wajen gudun tashi, ya faɗi a gwiwa, keji ya lanƙwasa, farfela ta tarwatse. Allah ya kiyaye, ƙujewa kawai ya yi. Amma Malam ba shi da farfela ta ajiya. Mai koyar da sababbin hannu a ƙasa mai duwatsu, fiye da kilomita 500 daga Yamai, inda ko a Yamai ɗin ba a sayar da ita sai an yi oda daga Turai, ya zo babu ta canji. Inji biyu suka koma ɗaya, mu uku muna jiran juna a cikin awa biyun safe. Tashi 10 da aka yi mini alkawari ya tsaya a 6. Bai tayar da maganar ragin kuɗi ba sai da ni na tayar, kuma da yake babu takardar yarjejeniya, sai muka koma ga "ai ka ce" da "ai na ce". A ƙarshe ya yarda zai cika mini sauran huɗun a zuwansa na gaba. Na yarda da shi, amma bai kamata a kai ga haka ba.

Rediyon da yake yi mana magana da shi ma ya ɗauke a tashina na uku, batir ya mutu ina sama. Na sauka lafiya domin ya riga ya koya mana alamun hannu, sai dai batir abu ne da ake dubawa tun da dare. Lemar ceto, wadda ake jefawa idan babbar ta lalace, ana so a buɗe ta a sake naɗewa aƙalla sau ɗaya a shekara. Na tambaye shi ranar da aka naɗe tamu, ya ce ba a daɗe ba, amma babu rubutu a jiki. Sai kuma yara. Duk safiya sukan cika bakin fili, kuma farfela mai juyawa ita ce abu mafi haɗari a wannan harka tun kafin a bar ƙasa. Mu ɗalibai muke korarsu, har sai da maigari ya ba mu samari biyu. Wannan tsari ne da ya kamata a yi tun ranar farko.

Wajen kula da inji kuwa na sara masa. Ba ya sayen man kwalba na bakin hanya, na gidan mai yake saye, ya tace shi, ya auna man gauraye da sirinji. Kullum sai ya wanke matatar iska saboda ƙurarmu, ya cire buji ya duba launinsa. Lema kuwa ba ta minti biyar a shimfiɗe cikin rana ba a rufe ta ba, domin rana ce ke cin yadin, bayan ƴan ɗaruruwan awoyi sai ya fara zubar da iska.

Wanda yake so ya je, ya san cewa kwana 12 ba sa mai da mutum matuƙi. Malam da kansa ya ce kada in kuskura in tashi ni kaɗai a wurin da ban sani ba. Ana bukatar gwiwa lafiyayya da bayan da zai ɗauki kilo 30 a guje, da zuciyar da za ta karɓi "yau ba a tashi" bayan ka rufe shago ka yi tafiya. Sayen naka kuma wata magana ce, sabon inji da lema da lemar ceto suna kaiwa miliyan 5 zuwa 8 na sefa kafin kuɗin shigowa da su. Ni ban saya ba, kuma uwargidana ta ce in gama ginin ɗakin yara tukuna, gaskiyarta.

Zan koma wurinsa a Nuwamba mai zuwa in Allah ya kai mu, kafin hazo ya yi kauri. Ina so idan hannuna ya faɗa in ga kwarin Majiya ta wajen Buza, inda aka dasa layukan dogon yaro tun 1975 don tare iska. Na riga na aika masa sharuɗɗana ta waya: a rubuta adadin tashi a takarda mu sa hannu, ya zo da farfela biyu na ajiya, a naɗe lemar ceto a gabana a rubuta kwanan wata. Ya amsa da cewa farfela ɗaya ta iso, ɗayar tana hanya.