Bufe a babban otal ko gidan abinci na oda: ina za ka kai baƙonka a Abuja?

Wani ɗan uwa ya yi tambaya a zaure jiya da dare. Abokinsa na makaranta zai shigo Abuja daga Jos, sun daɗe ba su haɗu ba, yana so ya kai shi cin abincin dare a wuri na alfarma. Ya rasa wanda zai zaɓa tsakanin bufe na babban otal, inda ake jera abinci kowa ya ɗiba da kansa, da gidan abinci irin na Wuse 2 ko Maitama, inda ake miƙo maka menu ka yi oda. Ya kuma ce ba ya son a kawo bil ya ji kunya a gaban baƙo.

Malam, mu fara da kuɗin, tunda nan ne ake yawan shan mamaki. A bufe, irin na Bukka da ke cikin Transcorp Hilton a Maitama, kuɗin kai ake biya. Kowane mutum farashi ɗaya, ko cokali uku ya ci ko faranti biyar. Kira ɗaya a waya ya isa ka san abin da za ka riƙe tun daga gida, muddin ka yi tambayoyi biyu: farashin ya haɗa da haraji da kuɗin hidima? Abin sha yana ciki? Sau da yawa ba ya ciki, lemo da ruwan gora daban ake rubuta su.

A gidan oda kuwa, lambar da ke jikin menu sau da yawa ba ita za ka biya ba. Akwai harajin VAT, kashi 7.5 cikin ɗari tun watan Fabrairun 2020, ga kuɗin hidima da wurare da dama ke sa kashi 10. A ce abincinku da abin sha ya kama naira 40,000. Haraji 3,000, hidima 4,000, ka tashi a 47,000. Idan wurin ya fara ɗora hidima kafin ya lissafa haraji, 47,300 ne. Duba can ƙasan menu, da ƙananan haruffa ake rubuta ko farashin ya haɗa da su. Abin da ya fi sauƙi, duk abin da ka lissafa a kai ka ƙara masa kashi ɗaya cikin biyar, ba za ka sha kunya ba.

Amma abin da ke kumbura bil na gaskiya ba haraji ba ne, ƙananan abubuwa ne da ba a tambaya. A gidan abincin Indiyawa, kamar Wakkis da ke Aminu Kano Crescent, miyar kori ita kaɗai ake kawowa a ɗan kwano, shinkafa da gurasarsu da ake kira naan kowanne da kuɗinsa. Ga mutum biyu, miya kala biyu, shinkafa ɗaya, gurasa biyu sun isa, a ajiye a tsakiya kowa ya ɗiba. Haka tsarin yake a wajen 'yan Sin da na 'yan Lebanon, abincin haɗaka ne, wanda ya yi wa kowa oda cikakkiya zai bar rabi a tebur. Kifi ko jatan lande da ba a rubuta farashinsa ba, an ce sai yadda kasuwa ta kama, tambayi kuɗinsa kafin a ɗora a wuta. Sai ruwa. Idan weta ya tambaye ka mai gas ko marar gas, kai kuma ka zaɓi ɗaya ba tare da faɗin suna ba, zai iya buɗe maka kwalbar Perrier ta Faransa ko San Pellegrino ta Italiya, kuɗinta ya ninka na gida sau da yawa. Faɗi sunan da kake so, Eva ko Swan. Baƙonka ɗan Filato ne ma, Swan daga Kerang take fitowa, ruwan gidansu ne.

Wajen ɗanɗano kowanne da inda yake faɗuwa. Bufe gani ya kori ji: za ka ɗaga murfi ka ga tuwo, sakwara, dafa-duka, farfesu, gasasshen kifi, ka ɗebi abin da ranka ya kwanta da shi. Ga baƙon da ba ka san cimarsa ba, wannan babbar riba ce. Illarsa zaman da abinci ke yi a kan ruwan zafi. Ana so ya tsaya sama da digiri 60 don kada ya lalace, kuma wannan zafin ne ke busar da shinkafa, ya sa soyayyen dankali ya yi laushi, naman kaza ya yi tauri. Saboda haka ku isa farkon buɗewa, kada ku bari sai wajen goma saura. Ku zagaya sau ɗaya hannu rabbana ku ga abin da ke akwai kafin ku ɗauki faranti, in ba haka ba shinkafa za ta cika cikin kafin ku gano inda ake gasa nama. Kowane zagaye sabon faranti ake ɗauka, kuma ba a ƙunshe saura a tafi da shi gida.

A gidan oda daga wuta sai tebur, sai dai za ku jira, minti 20 zuwa 40 ba abin mamaki ba ne, musamman daren Juma'a. Idan wurin na abincin Turawa ne, ka shirya ganin faranti faɗaɗɗe da ɗan nama a tsakiya an yi masa ado da ganye. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai, tambayi weta girman abin kafin ka yi oda. Naman sitek shi ke jawo gardama. Idan ba ka faɗa ba, za a iya kawo shi cikinsa ja yana tsatsar ruwa, don haka masu dafa shi suka fi so. Bahaushen da ya saba da tsire da balangu ya ce a gasa shi sosai har ciki, kalmar da suke ji ita ce "well done". Zai ƙara ɗaukar lokaci, zai kuma ɗan yi tauri, ba laifin mai girki ba ne.

Batun halal ya fi buƙatar ido a gidan oda, don sunayen menu suna ɓoye abin da ke ciki. Taliyar carbonara a asalinta da naman alade ake yin ta. Pepperoni na kan fiza da ham da bacon, sai ka tambaya ko na sa ne. Soyayyiyar shinkafar da 'yan Sin ke kira ta musamman takan zo da gutsattsarin alade. Shinkafar Italiya da ake kira risotto da wasu miyun sitek akan zuba musu giyar inabi, haka kayan zaƙin nan tiramisu. Har chapman ɗin da kowa ke ɗauka lemo ne zalla, ana ɗiga masa Angostura bitters, wanda ke da barasa sama da kashi 40 cikin ɗari. Ɗigo kaɗan ne, amma mai son kauce wa shubuha ya ce a haɗa ba tare da shi ba, suna yi. A bufe akwai ɗan kati a gaban kowane kwano, ga mai girki a tsaye kusa, tambaya ba ta da wuya. Lura dai da cokalin ɗiba, mutane kan ɗauke na wannan kwano su tsoma a wancan.

To amma kai hira ce ta kawo ku, kuma a nan muke ganin gidan oda ya fi. A bufe ana tsakiyar labari wani zai miƙe ƙaro abinci, ya dawo zance ya huce, ga zirga-zirgar baƙin otal da 'yan taro. A gidan oda jiran da ake kuka da shi shi ne lokacin hirar. Kira tun da rana ka kama tebur, ka ce na lungu kake so, nesa da lasifika da ƙofar kicin, kuma ba ɓangaren masu shisha ba. Wasu wurare a Wuse 2 da zarar tara ta wuce sai su ƙure kiɗa su koma kamar kulob, a tambaya. Litinin zuwa Alhamis sun fi natsuwa.

Magariba a Abuja tana faɗawa tsakanin shida da 'yan mintuna zuwa bakwai saura, gwargwadon lokacin shekara, don haka tebur na bakwai da rabi ya yi daidai. Idan Wuse 2 za ku, ku yi salla a masallacin An-Noor ku wuce. Wurin ajiye mota a titunan Aminu Kano da Adetokunbo Ademola daren Juma'a da Asabar wahala ne, Bolt ya fi sauƙi. Otal yana da fili, sai dai a ware 'yan mintuna don binciken bakin ƙofa.

Zaɓinmu ke nan: idan kuɗinka a ƙirge yake, ko abokin mai ci ne sosai, ko mai tsantseni ne da baƙon abinci, kai shi bufe da wuri. Idan ba ɗaya daga cikin ukun nan, gidan Indiyawa ko na 'yan Lebanon a tsakiyar mako.

Saura kokawar biya, wadda ba ta da kyan gani a irin wuraren nan. Kai ka gayyata, kai za ka biya, amma ka san ɗan uwanka sai ya zaro katinsa yana rantsuwa. Tun shigowa ka ja weta gefe ka ce bil hannunka zai kawo, ko kuma ana gama cin abinci ka tashi kamar za ka wanke hannu ka biya a kanta. Karanta bil layi-layi, akan maimaita lemo ɗaya sau biyu bisa kuskure. Riƙe katin banki biyu saboda POS kan ƙi, kuma idan an cire kuɗi na'ura ta ce bai shiga ba, karɓi risit ɗin da ta fitar kafin ka sake gwadawa. Ɗan ihsanin da za ka yi wa weta ka ba shi tsaba a hannunsa, don kuɗin hidimar da ke jikin bil asusun gidan yake fara shiga.