Yawon ƙafa a Misrul Jadida: na je don Fadar Baron, Korba ce ta riƙe ni

Shekara huɗu ina karatu a Alƙahira, kuma duk lokacin da zan raka wani filin jirgi sai motarmu ta bi titin Uruba, ta wuce wannan gini mai kalar jan ƙasa da hasumiya irin ta ɗakunan bautar Indiya. Misrawa na ce masa Ƙasrul Baron. Ban taɓa tsayawa ba sai watan jiya, da ni da wani abokina muka biya kuɗin wani yawon ƙafa na rabin yini da wani ƙaramin kamfani ke shiryawa. Ana farawa daga fadar, a ƙare a tsakiyar tsohuwar unguwar Misrul Jadida (Heliyofolis), wato Korba. Ga abin da na gani.

Mai fadar ɗan ƙasar Beljiyam ne, Edouard Empain, mai laƙabin sarauta na Baron, attajirin da ya yi kuɗinsa a harkar jiragen ƙasa da taragon lantarki, har da hannunsa a gina metron Faris. A 1905 shi da Boghos Nubar Pasha suka sayi hamada zalla, faddan kusan 6,000, kowane faddan a kan fam ɗaya, tazarar kilomita 10 arewa maso gabas da tsakiyar Alƙahira. Faddan ɗaya ya ɗan ɗara eka ɗaya kaɗan. A 1906 suka kafa kamfanin da zai gina gari a wurin, suka ara masa sunan tsohon birnin Heliyofolis na zamanin Fir'auna, ko da yake kufan wancan yana can wajen Matariyya da Ain Shams. Dabarar ita ce: a shimfiɗa layin tarago daga birni zuwa cikin rairayi, a kai ruwa da wuta, sannan a sayar da fili da gidaje ga masu son iska da fili amma aikinsu na cikin gari.

Fadar kanta wani Bafaranshe ne, Alexandre Marcel, ya zana ta, aka gina ta tsakanin 1907 da 1911. Daga nesa sai ka rantse dutse ne aka sassaƙa, da giwaye da macizai da gumaka birjik a jikin bango, alhali kankare ne da rodi, a lokacin da wannan fasaha take sabuwa. Ta yi shekaru a kulle tana lalacewa kafin a gyara ta a buɗe wa jama'a a 2020. Gyaran ya yi kyau, babu ƙarya. Sai dai wanda ya shiga da fatan ganin gadaje da kujerun attajiri zai fito da sanyin gwiwa, domin ɗakunan kusan wayam suke. Abin da ke ciki hotuna ne da taswirori da takardun kamfani, kuma su ne suka fi amfanata. Akwai hoton titi mai faɗi da gine-gine a jere, bayansu kuma babu komai sai yashi har iya ganin ido. A harabar an ajiye tsohon tarago ɗaya. Tikitin baƙo daban yake da na ɗan ƙasa, ɗalibi kuma ya riƙe katinsa, ana yi masa ragi.

A nan ne jagoranmu ya ɓata mini rai. Ya ci wajen minti arba'in yana ba mu labarin aljanu da fatalwa, da tatsuniyar nan cewa wai hasumiyar na juyawa tana bin rana. Mutane na ta ɗaukar bidiyo, ni kuwa ina duba agogo. Da na tambaye shi ina magina da leburorin da suka yi aikin suka zauna, sai ya ce za mu zo kan wannan daga baya. Har muka watse bai zo ba.

Korba ce ta biya ni kuɗina. Titin Bagadaza da titin Ibrahim Laƙƙani gine-gine ne masu hawa uku zuwa huɗu, manne da juna, ƙasansu rumfa ce doguwa a kan ginshiƙai, da bakan gizo a jere, shaguna na ciki. Ƙarfe ɗaya na rana ne, zafi na dukan kwalta, amma muka yi tafiya mai tsawo rana ba ta taɓa ƙeyarmu ba. Wanda ya san zafin Afrilu a Sakkwato zai gane darajar wannan ba tare da dogon bayani ba. Sama kuma baranda ce mai zurfi a kowane hawa, wasu da katakon da aka saƙa kamar raga, da ƙananan ƙubbobi da hasumiyoyi a kusurwa waɗanda za ka ɗauka na masallaci ne, alhali gidajen haya ne da ofisoshi. Yawancin wannan salo aikin Ernest Jaspar ne, shi ma ɗan Beljiyam. Ya ɗauko ado daga ginin Mamluk, sarakunan Masar na da, da na Andalus ya ɗora a fuska, cikin gidan kuma tsarin Turai ne. Akwai masu cewa kwaikwayo ne kawai, riga ce aka sa wa baƙo. Ni dai na tsaya a ƙarƙashin rumfar na ga tsoho na karanta jarida, mai sayar da furanni na yayyafa ruwa, uwa na tura keken jariri ba ta tsoron mota, kuma ginin ya haura shekara ɗari yana wannan aiki.

Jaspar ne kuma ya zana katafaren otal ɗin Heliopolis Palace da aka buɗe a 1910, mai ɗakuna 400, wanda ya zama asibitin sojoji a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Yanzu shi ne fadar shugaban ƙasa ta Ittihadiyya, don haka kallo daga nesa, kuma kada ka ɗaga waya wajen. Mun tsaya a gaban Bazilik, cocin Katolika da Marcel ya zana a kan siffar Aya Sofiya ta Istanbul. A ƙarƙashinta aka binne Empain, wanda ya mutu a 1929.

Amsar tambayata kuwa taswirorin fadar ne suka ba ni. Tun a takarda an raba garin gida-gida: manyan gidaje masu lambu na masu hannu da shuni, benayen haya na ma'aikata, sai kuma matsattsun gidajen leburori a gefe. Ya tuna mini da yadda Turawa suka ware Nasarawa a Kano. Wannan ma tarihin unguwar ne, kuma jagoran da ya tsallake shi ya rage wa baƙinsa rabin labari. Haka nan bai ce uffan ba game da abin da ya faru a 2019 da 2020, lokacin da aka tumɓuke ragowar layin tarago, aka sare itatuwa da yawa, aka faɗaɗa tituna da gadojin sama. Wani dattijo da muka zauna kusa da shi a gidan shayi ne ya kawo zancen da kansa, muryarsa na rawa.

Shawarata ga ɗan'uwa ɗalibi ko mai zuwa neman magani da ya samu yini guda: ba sai ka biya jagora ba. Hau metro layi na 3, daga Abbasiyya tasha kaɗan ce zuwa Ahram. Fara da fadar da safe, ka ba taswirorin awa guda cur, sannan ka taka zuwa Korba bayan Azahar, lokacin da inuwar rumfar ta fi daɗi. Ni zan koma ranar Asabar mai zuwa, ni kaɗai, in nemo layukan leburorin nan da na gani a taswira.