Jakar goyo ta shiga daji: wacce za ka saya a Jos?

Hannun jakata na dama ya tsinke ne a gangaren duwatsun Shere, cikin sanyin watan Janairu, muna kan hanyar dawowa. Abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba: gyazbi biyu, zabon daji ɗaya, bargo, ƙaramar tukunya da ragowar ruwa. Sai dai ɗinkin da ya riƙe hannun layi ɗaya ne tak. Ji na yi ɓarat, jakar ta karkace ta nemi ta ja ni ƙasa. Dattijon da muke bi, wanda ya girmi mahaifina, ya tsaya ya dube ni, ya gyara tsohon burgamin da ke rataye a kafaɗarsa, ya ce, "Yaro, ai ta yi kyau a kasuwa." Sauran tafiyar a ka na ɗauko ta, kamar mai tallan doya.

Kuskuren da na yi shi ne na yawancinmu. Na gwada jakar babu komai a cikinta, na ga aljifai birjik, na biya. Alhali mafarauci da kaya kaɗan yake fita, da nauyi yake dawowa, kuma a dawowar ne ƙafa ta gaji, rana ta take, hanya ta koma gangara. Duk jakar da za ka saya, wannan dawowar za ka sa a ranka.

Abu na farko da hannunka zai taɓa shi ne ɗamarar ƙugu. Jakar kirki ba a kafaɗa take zama ba, mafi yawan nauyinta kan ƙashin ƙugu yake sauka, kafaɗa aikinta kawai ta hana jakar faɗawa baya. Matsa ɗamarar da yatsu. Idan soso ne mai kauri, mai faɗin tafin hannu, wanda ka matsa ya dawo, to ana iya magana. Idan siririyar igiya ce kamar bel ɗin wando, ado ce. Daga nan ka shafa bayan jakar daga ciki, ka nemi sanda ɗaya ko biyu na alminiyom, ko wani faranti mai tauri. Shi ne ƙashin bayan jakar, shi ke kai nauyi daga sama zuwa ɗamara. Jakar da za ka iya naɗewa kamar tabarma ba ta da shi, kuma da zarar kaya sun haura kilo 10 za ta zama dutse rataye a wuyanka.

Tsawon baya ma yana da ma'auni, kuma ba tsawon mutum ake nufi ba. Sunkuyar da kai, za ka ji wani ƙashi ya turo a gindin wuya. Daga nan zuwa daidai saman ƙashin ƙugu ake aunawa, yawancin manya suna faɗawa tsakanin santimita 40 da 55. Dogon mutum yana iya zama mai gajeren baya. Wasu jakunkunan suna da wurin ɗaga hannaye ko sauke su, waɗannan sun fi sauƙin sha'ani, musamman idan kai da ƙaninka za ku riƙa karɓa-karɓa.

Batun girma ba ya buƙatar dogon bayani. Da lita ake aunawa. Mai fita da asuba ya dawo da magariba, lita 25 zuwa 35 ta ishe shi. Kwana biyu ko uku, lita 45 zuwa 55. Wanda zai yi mako ne ke neman 65 zuwa sama. A nan Filato ka ɗan ƙara, domin garin Jos kansa yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, ƙololuwar Shere ta haura 1,800, kuma daren hunturu yakan sauko kusa da digiri 10. Bargo da rigar sanyi su kaɗai sai su cinye rabin ƙaramar jaka. Amma kada ka zarce, babbar jaka tana da jaraba, sai ka cika ta da abin da ba ka buƙata. Idan ka ga an rubuta 3000 ko 5000 a jikin jakar Amurka, ma'auninsu ne na inci, ka raba da 61 ka samu lita. Wato 3000 kusan lita 49 ke nan.

Jakunkunan da za ka iya samu iri huɗu ne. Ta farko, wadda ta fi yawa a shagunan Taminus da ke tsakiyar Jos, ita ce sabuwar nan mai kama da ta sojoji, mai layin igiyoyi a jiki da aljifai ta ko'ina. Irinta ce ta kunyata ni. Layin igiyoyin kwaikwayo ne na tsarin MOLLE da sojojin Amurka suka fara amfani da shi a ƙarshen shekarun 1990, amma kwaikwayon a fuska ya tsaya. Yadin sirara ne, zif ɗin ba shi da suna, maɓallan roba suna fashewa idan sanyi ya kama su aka taka. Don fita ta yini ɗaya da gorar ruwa da garin kwaki da ƙuli-ƙuli, ba laifi, kuɗinta ma da sauƙi. Ka kai wa mai gyaran takalmi ya ninka ɗinkin hannayen tun kafin ka fita da ita. Don kwana a daji kuwa, ban ba ka shawara ba.

Sai ta sojan gaske, wadda kan faɗo jefi-jefi cikin gwanjo. Tsohuwar samfurin ALICE ta Amurka, wadda aka fito da ita a 1973, tana da firam na alminiyom a waje. Wannan ko jikanka zai gada. Firam ɗin yana barin iska ta ratsa tsakanin bayanka da kaya, kuma kana iya cire buhun ka ɗaura abin da ka ga dama, ko gada ce sukutum. Aibinta biyu. Tana da nauyi tun babu komai a ciki, kuma a wurin hawa dutse, inda sai ka dafa da hannu, tana rinjayar mutum gefe. Ga faɗi, sarƙaƙiya da shingen kyarana na ƙauyukanmu suna kama ta.

Akwai kuma matsalar launi, wadda masu rubutu daga ƙasashen waje ba su san da ita ba. Doka ta hana farar hula sa kakin soja a Najeriya, rundunar soja ta sha yin gargaɗi a kai, kuma wanda ke bin hanyoyin Filato ya san yawan shingayen bincike. A shinge babu mai tsayawa ya bambance maka riga da jaka. Ga ka da adda, wataƙila da bindigar toka, sannan ga jaka mai dabbare-dabbaren soja a bayanka. Ka nemi ruwan ƙasa, ruwan toka ko kore mara zane. Zomo da makwarwa motsi da ƙara suke gudu, zanen jakarka bai dame su ba. Takardar izinin bindiga da katin ƙungiyar mafarauta su zauna a aljihun sama cikin leda, inda hannu zai kai ba tare da an zazzage kaya ba.

Ta uku, kuma wadda nake ganin ta fi dacewa da mafi yawanmu, ita ce jakar masu hawan dutse ta gwanjo. Turawa suna sayen Deuter, Osprey, Gregory ko Lowe Alpine, su yi tafiya biyu ko uku da ita, ta ƙare a dila. Idan ka saba da masu gwanjo a kasuwar Katako, ka ce su kira ka ranar da za su fasa dilar jakunkuna, domin masu kyau ba sa kwana. Waɗannan an ƙera su ne don ɗaukar kilo 15 zuwa 20 na tsawon yini, da ɗamara ta gaske da ƙashin baya, da ƙananan igiyoyin nan biyu na saman kafaɗa masu jawo kaya su manne da jiki. Ba don ƙaya aka yi su ba, shi ya sa aljihun raga na gefe ba ya daɗewa, ƙarangiya kuma tana son sa kamar me. Wasu launinsu ja ne ko shuɗi mai ƙyalli, sai dai ka haƙura ko ka lulluɓe.

A gwanjo sai an yi bincike. Juya cikin jakar waje ka shafa. Akwai wani shafe da ake yi wa yadin don hana ruwa shiga, idan ya tsufa yakan yi danƙo, ya riƙa ɓarewa kamar fatar maciji, da wani wari mai tsami. Wannan ba ya gyaruwa, kuma zai manne a bargonka da abincinka. Duba kan zif, idan ka ga YKK, na kamfanin Japan ne, alama ce mai kyau. Ja shi sau da yawa, musamman a lanƙwasa. Idan takardar jiki ta nuna Cordura, sunan wani yadi ne mai ƙarfi, lamba kamar 500D kuwa kaurin zaren ake nufi. 500D ya ishi daji, 1000D ya fi juriya amma ya fi nauyi. Maɓallin ɗamara da ya karye ana iya sauyawa da kuɗi kaɗan, har ma ya zama hujjar neman ragi. Sandar baya da ta karye kuwa, ajiye musu kayansu.

Ta huɗu ita ce wadda samari ke gani a YouTube suna haɗiyar yawu: Mystery Ranch, Kifaru, Stone Glacier, Kuiu. An yi su ne don maharban duwatsun yammacin Amurka da ke harbin wani babban barewa da ake kira elk, wanda namijinsa kan kai kilo 300, su yanka shi gunduwa-gunduwa su yi ta jigila a baya. Dabararsu mai kyau ce: buhun yana rabuwa da firam, a sa nama a tsakani, a ɗaure, nauyi ya zauna kusa da baya, jini kuma bai taɓa kayan sawa ba. Amma cikakkiyar ɗaya ta haura dala 500 kafin kuɗin jirgi da na kwastan. Mu da abin da muke samu bai wuce gyazbi, zomo, zabo, wani lokacin gada ba, kuma manyan namun suna Yankari da Pandam inda farauta haramun ce, wannan sayen doki ne don zuwa bayan gida. Dabarar dai ana iya ara. Ka zaɓi jakar da ke da igiyoyin matsewa a gefe da ƙasa, da murfi mai ɗagawa, ka sa nama cikin buhun yadi ka ɗaure a ƙarƙashin murfin. Kada ka ƙulle ɗanyen nama mai ɗumi a leda, kafin ka iso gari ya canza wari.

Ranar da na sayi wadda nake goyawa yanzu, mai lita 50, ruwan toka, sai da na aiki yaro ya sayo mini ledar fiya wata guda. Ƙulli 20 ne, kowanne rabin lita, kilo 10 cif. Na zuba a ciki, na ɗaura ɗamara tukuna, sannan na ja hannaye, sannan igiyar ƙirji. Mai shagon ya ce, "Alhaji, yau kuma gwaji har da ruwa?" Na ce masa in ta ɗauka mu yi ciniki. Na zaga layin sau biyu, na sunkuya, na hau dakali na sauko, na sa yatsa a ƙarƙashin hannun kafaɗa na ji ya shige ba tare da matsi ba. Biyu na gwada kafin ita, ɗaya tana cizon ƙugu, ɗaya tana dukan ƙeya duk sanda na ɗaga kai.

Ruwan sama bai kamata ya sa ka ƙara kuɗi ba. Kusan babu jakar ɗinki da ke hana ruwan Jos na watan Agusta shiga, komai abin da mai shago ya rantse a kai. Babbar leda mai kauri a ciki, ka zuba bargo da ashana da waya ka murɗe bakin, ta fi kowace riga da ake lulluɓa wa jaka. Idan ka dawo, jini da ruwan sanyi ake wanke shi, ruwan zafi kama shi yake yi a yadi. A shanya a inuwa, a zazzage ɓurɓushin ƙuli-ƙuli daga aljifai, a rataye a ƙusa nesa da ƙasa. Tawa ta farko, bayan an ɗinke mata hannu, ɓera ne ya ƙarasa ta a ƙarƙashin gado.