Shekara Guda Ina Rina Gashina a Gida: Sharhi a Kan Rinin Kwali

Furfura ta fara fito mini a gaban goshi tun ban cika shekara 40 ba, kuma ta gado ce, domin haka mahaifiyata take, haka ma yayyena. Na daɗe ina rufe ta da jan lalle, wanda ba ni da abin faɗa a kansa sai alheri, in ban da yadda yake mayar da farin gashi ja jawur kamar an shafa masa manja, ga shi sai an kusa wuni da shi a ka kafin ya kama. A bara na yanke shawarar gwada rinin kwali irin wanda ake sayarwa a kantunan kayan kwalliya, kuma zuwa yanzu na yi amfani da shi sau bakwai, duk a gida, ƙanwata tana taya ni shafa ƙeya.

Launin ruwan ƙasa mai duhu na zaɓa. Dalilina shi ne hadisin da Imam Muslim ya ruwaito game da Abu Ƙuhafa, mahaifin Sayyidina Abubakar, wanda aka kawo wa Manzon Allah (SAW) ranar buɗe Makka kansa da gemunsa fari fat, sai ya yi umarni a sauya launin amma a nisanci baƙi. Malamai sun yi saɓani a kan hukuncin rini da baƙi, ni dai na ga kauce masa ya fi kwanta mini a rai.

A cikin kwalin akwai bututun man launi, da kwalbar wani farin ruwa mai kauri, da safar hannu ta leda, da ɗan man laushin gashi, sai takardar bayani. Farin ruwan nan sinadarin haidurojin feroksaid ne, kuma nawa an rubuta masa ƙarfin kashi 6 cikin 100, wanda shi aka fi amfani da shi wajen rufe furfura. Shi kuwa man bututun yana ɗauke da amoniya, wadda take buɗe ɓawon silin gashi, tare da sinadaran da ba su zama launi ba tukuna. Sai an cakuɗa su biyun sannan launi yake fara haɗuwa, kuma ana so ya haɗu ne a cikin silin gashi, inda zai maƙale ya kasa fita da wanki. Ma'anar wannan ita ce, da zarar an zuba ɗaya a cikin ɗaya, aiki ya riga ya fara, ko an shafa ko ba a shafa ba.

Rashin fahimtar haka ya jawo mini asara a karo na biyu. Tushen gashi kaɗai nake son rinawa, amma na juye bututun da kwalbar gaba ɗaya a kwano, na shafa abin da bai kai rabi ba, sai ragowar ta ba ni tausayi saboda kuɗin da na kashe. Na ɗura ta a wata ƙaramar gorar roba, na ɗaure murfin tamau, na cusa a durowar kaya da niyyar amfani da ita wata mai zuwa. Da safe na tarar gorar ta kumbura kamar cikin kwaɗo, murfin ya tsage, wata baƙar kumfa ta malale a kan atamfofi biyu da ban taɓa ɗaurawa ba, kuma har yau tabon yana nan. Haɗin yana fitar da iska yayin da yake aiki, idan aka toshe masa hanya sai ya fasa abin da aka zuba shi a ciki. Na yi wa Allah godiya da ba a hannuna ya fashe ba, kusa da ido. Ko da ma bai fashe ba, rinin da ya kwana a haɗe ya riga ya gama aikinsa a cikin gora, ba abin da zai yi wa furfura.

Tun daga ranar nake aunawa. Nawa ana haɗa shi ne daidai wa daida, don haka cokali biyu na man launi da cokali biyu na farin ruwan sun ishe ni goshi da gefen kunnuwa. Akwai irin da ake haɗa ma'auni ɗaya na man launi da ma'auni ɗaya da rabi na farin ruwan, shi ya sa ba a ɗaukar ma'aunin wani kwali a yi wa wani aiki da shi. Kwanon roba ko na tangaran nake amfani da shi, da cokalin roba, domin ƙarfe yana iya ɓata haɗin, kuma na ware su ba sa komawa kicin. Da na matsa abin da nake bukata sai in goge bakin bututun in rufe shi nan take, saboda iska tana sa man ya yi duhu daga baki, wanda alama ce ta ya fara lalacewa.

Ajiyar ragowar da ba a haɗa ba ita ma tana da nata sharaɗin, musamman a gari irin Kano inda zafin bazara yake haura digiri 40. Zafi da hasken rana suna rage wa farin ruwan ƙarfi. Na taɓa barin kwalbar a kan taga kusan wata uku, da na yi amfani da ita sai furfurar ta fito wani fatsi-fatsi, ba ta rufu ba. Yanzu a saman kabad nake ajiyewa, cikin kwalinsa, wuri mai duhu da ɗan sanyi, kuma nakan rubuta ranar da na buɗe a jikin kwalin. Wajen saye ma na daina karɓar wanda aka baje a rana a bakin kanti, sannan ina duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi kafin in biya.

Abin da ya fi komai muhimmanci a wurina shi ne gwajin fata na awa 48 kafin kowane rini. Yawancin rini mai duhu yana ɗauke da sinadarin PPD ko danginsa, wanda jikin wasu ba ya jurewa, kuma mutum yana iya yin shekaru lafiya lau sannan wata rana jikinsa ya ƙi shi. Shi ne dai sinadarin da ake samu a dayis ɗin da muke yin baƙin ƙunshi da shi. Wata abokiyar aikina ta yi sha'awar launin kaina, na ce ta fara ɗiga kaɗan a bayan kunne ta jira kwana biyu. Kafin wayewar gari na biyu wurin ya yi ja, ya tashi, yana ƙaiƙayi kamar ta taɓa ƙarara, a nan ta tuna cewa dayis ya taɓa kumbura mata hannu a wani biki. Da a kai gaba ɗaya ta shafa, Allah kaɗai ya san yadda fuskarta za ta wayi gari. Duk wadda dayis ya taɓa yi wa haka, to ta haƙura da wannan rini, ta riƙe jan lalle tsantsa. Haka kuma ba a shafa shi a gira ko gashin ido, ba a yi wa yarinyar da ba ta kai shekara 16 ba, kuma shan sa guba ne mai kumbura maƙogwaro da lalata ƙoda, kamar yadda likitoci suka sha gani a Sudan. Shi ya sa nake nesanta shi daga yara, domin farin ruwan nan a ganin yaro ba shi da maraba da madara.

Ranar rini nakan kwance kitso tun kwana biyu kafin nan, saboda tsefe da susa suna barin ƙananan raunuka a fatar kai, rini kuwa ba ya raga wa rauni. Ba na haɗa shi da rilaksa a lokaci ɗaya, sai na bar aƙalla mako biyu a tsakani, tunda kowannensu yana raunana gashi. Ina shafa basilin a goshi da kunnuwa da wuya, in yafa tsohon zani, mu zauna a tsakar gida domin warin amoniyar yana sa hawaye a ɗaki rufaffe. Sai a raba gashin gida huɗu, a fara da inda furfura ta fi yawa, a bar shi minti 30 kamar yadda takardar ta ce, ina kallon agogo, sannan in ɗauraye da ruwa mai ɗan ɗumi har sai ya daina fitar da launi.

Ta fuskar sakamako, gaskiya ya rufe furfurata ruf, fiye da yadda lalle ya taɓa yi, kuma ba ya zuba a matashi ko ɗankwali bayan wanki na biyu. Sai dai launin yana fitowa da duhu fiye da hoton da ke jikin kwalin, don haka wadda take gudun baƙi ta ɗauki wanda ya ɗan fi haske. Babban aibinsa a wurina shi ne busar da gashi, musamman da hunturu, inda na ga ƙarshen gashina yana karyewa a mataji. Abin ya yi sauƙi da na daina bin tsawon gashin da rini a kowane karo, na tsaya a sabon tofo kaɗai, tunda gashi yana ƙaruwa da kimanin santimita ɗaya ne a wata, sannan na dage da man kaɗanya da man kwakwa.

Zan ci gaba da saye, amma ina da ƙorafi ɗaya da yake ci mini tuwo a ƙwarya. Kusan duk gargaɗin da na ambata yana cikin takardar bayanin, har da na hana ajiye haɗaɗɗen rini a rufaffen mazubi, amma an buga shi da Turanci da Faransanci cikin ƙananan haruffan da sai an ƙura ido ake ganin su. Ni da na yi makaranta ban karanta ba sai da atamfofina suka lalace, balle yayata da ba ta jin ko ɗaya daga cikin harsunan biyu, kuma ita ma irin wannan kwalin take saye. Da masu shigo da shi za su manna ko da layi biyar ne da Hausa a bayan kwalin, a kan gwajin fata da ajiya da nesanta shi daga yara, da sun yi wa mata da yawa gata. Kafin su yi, na rubuta waɗannan layuka da hannuna a takarda, na kai wa yayata ta liƙa a ƙofar kabad ɗinta.