Garin Tom Brown a kasuwannin Agege da Mile 12: ya cancanci kuɗinsa?

Legas cike take da dukiya, amma a gidajen 'yan dako da masu gadi, gwangwanin abincin jarirai ya fi ƙarfin aljihu. Shi ya sa iyaye mata suka koma ga garin Tom Brown, wato garin kunun yara na soyayyen hatsi da waken suya da gyaɗa, da ake ƙullawa a leda.

Haɗin kirki shi ne mudu 6 na gero ko dawa ko masara, mudu 3 na waken suya, mudu 1 na gyaɗa, kowanne a soya shi daban kafin niƙa. A nan wasu masu sayarwa ke ha'inci: su cika masara, su rage waken suya, alhali shi ne mai gina jiki. Garin da ya yi fari fat, babu ƙanshin suya, a bar shi. Waken da ba a cire wa ɓawo ba, ko bai soyu ba, yana kumbura cikin yaro. Gyaɗar da ta yi funfuna kuwa guba ce ga hanta, kuma damshin Legas yana saurin ɓata ta, don haka a sayi garin da zai yi mako biyu kawai, a juye a roba mai murfi.

A dama cokali 3 da ruwan sanyi, a zuba cikin tafasasshe, a yi ta juyawa minti 10 har ya yi kauri. Tsararo cika ciki kawai yake yi.

Daga wata 6 ake fara ba yaro, tare da nono. Wanda ƙafafunsa suka kumbura, ko ya rame sosai, a garzaya da shi asibiti.