Wankan baho ko tsaftace wurin da ya ɓaci: wanne ya dace da zomo?

'Yar'uwa, kin ce zomonki fari ne, tafin ƙafafunsa sun yi rawaya, kashi ya manne masa a ƙarƙashin bindi har ya fara wari. Kina tambaya ko ki tsoma shi a baho ki cuɗe shi da sabulu, ko kuwa ki bi shawarar da aka ba ki ta goge wurin kawai. Don Allah kada ki tsoma shi. Bari in ajiye miki hanyoyin biyu kusa da juna ki ga dalili da kanki.

Mu fara da gashi. Gashin zomo hawa biyu ne, dogo a sama, sai wani lallausa mai cunkoso a ƙasa kamar auduga. Na ƙasan nan in ya sha ruwa ba ya saurin saki. Za ki shafa bayansa ki ji kamar ya bushe, alhali can jikin fata a jiƙe yake sharkaf, kuma zai iya ɗaukar awanni a haka. Zafin jikin zomo mai lafiya yana tsakanin digiri 38.5 zuwa 40 ne a ma'aunin Salsiyos, ga shi da ƙaramin jiki, shi ya sa jiƙaƙƙen gashi yake zuƙe masa ɗumi nan da nan. Fatar da ta daɗe da lema kuma tana yin laushi ta yi ja, ƙwayoyin cuta su samu hanyar shiga. In kuwa wurin da ya ɓaci kaɗai kika tsaftace, abin da zai jiƙe bai fi tafin hannunki ba, wani lokacin ma ko ɗigon ruwa ba zai taɓa shi ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a wankan baho shi ne firgita. Zomo yana cikin dabbobin da ake farauta, duk ginin jikinsa na gudu ne: ƙafafun baya masu ƙarfin gaske a kan ƙasusuwa marasa nauyi. Ƙasusuwansa gaba ɗaya ba su wuce kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na nauyin jikinsa ba, na kyanwa kuwa sun kai 12 zuwa 13. To ki ɗora wannan jikin a cikin baho mai santsi, ruwa ya kai masa ƙirji, ƙafa ba ta samun abin takawa. Harbi ɗaya da zai yi da ƙafafun baya yana neman tsira ya isa ya karya masa ƙashin baya a wajen ƙugu, ƙafafun su shanye har abada. Wani kuma firgicin ne kaɗai yake kayar da shi, ko ya fito lafiya a ido amma ya ƙi cin abinci. Hanjin zomo ba ya son tsayawa. Wanda ya yi awa 12 bai ci ba kuma bai yi kashi ba, maganarsa ta zama ta gaggawa wurin likitan dabbobi.

Na san akwai bidiyoyi a intanet da ake nuna zomo kwance rigingine a cikin ruwa, ya yi lamo, ana ta cewa daɗi yake ji. Ni abin tausayi yake ba ni. Wannan sandarewar ita ce abin da zomo yake yi idan ya ga an kama shi kuma ba mafita, tsoro ne ya kai maƙura. A hanyar gogewa kuwa yana zaune a kan tawul a ƙasa ko a cinyarki, ƙafafunsa huɗu suna taka wani abu, in ya gaji ki sake shi ki ci gaba anjima.

Sai kunne da hanci da baki. Ruwan da ya shiga dogon kunnen nan da wuya ya fita, kuma ciwon kunne a zomo yana iya nitsawa ciki har ki ga kansa ya karkace gefe guda. Ta hanci kaɗai yake numfashi, don haka ruwan da ya fantsama masa a fuska yana iya gangarawa huhu. Sabulun da ya saura a gashi kuma lashe shi zai yi, tunda da harshe yake wankansa kamar kyanwa, sau da yawa a yini. Zomo ba ya iya amai. Duk abin da ya haɗiye ya tafi ke nan.

Abu ɗaya ne zan yarda ruwa ya fi gogewa da busasshiyar hoda a kansa: kashin da ya jiƙe ya daskare, ko fitsarin da ya ratsa gashi har fata. Wannan gogewa ba ta fitar da shi. Amma ko a nan ba a buƙatar jiƙa zomo gaba ɗayansa. Shi ya sa hanyar ta biyu take da mataki biyu, kuma da mai sauƙin ake farawa.

Idan dattin ya bushe ko kaɗan ne, ki nemi garin sitacin masara zalla, ko hodar jarirai da aka yi da shi, marar ƙamshi. Ki duba jikin robar da kyau, in an rubuta akwai talkum a ciki ki ajiye ta. Ki zuba kaɗan a tafin hannu, kada ki barbaɗa daga sama don kada ƙurar ta kai hancinsa. Ki murza a wurin da yatsu har ya ratsa gashin, za ki ji dunƙulen yana sassautawa yana marmashewa. Sai ki bi da ƙaramin mataji a hankali, ɗaya hannun yana riƙe da tushen gashin don kada ki ja fata, sannan ki kaɗe sauran garin. Kada ki kusanto da almakashi. Fatar zomo siririya ce ƙwarai, tana bin dunƙulen gashi ta ɗago, mutum ya yanke ta bai sani ba, garin gyaran gira a rasa ido. Dunƙulen da ya ƙi fita a bar wa likita ya aske da inji.

Idan abin ya fi ƙarfin hoda, sai wankin gindi kawai. Na taɓa riƙon wata tsohuwar zomanya da gaɓoɓinta suka yi tauri har ta kasa lanƙwasawa ta gyara kanta, kuma ga yadda muke yi mata. A shimfiɗa tawul a cikin ƙaramar roba don kada ƙafa ta zame. A zuba ruwa mai ɗumi-ɗumi, wanda in kin sa gwiwar hannu ba za ki ji zafi ba, zurfinsa kada ya wuce santimita 3 zuwa 5. Mutum ɗaya ya rungume ƙirjinta a jikinsa, hannu ɗaya a ƙarƙashin hammata, ɗaya yana tallafe da ƙugu, a sauke bayanta kaɗai cikin ruwan. Na biyun ya riƙa murza wurin da yatsu har dattin ya narke, a zubar a sake sabon ruwa. Ina jin bugun zuciyarta a tafin hannuna kamar ana kaɗa ƙaramar ganga, shi ya sa ba ma wuce 'yan mintoci. Yawanci ruwa zalla ya isa. Sabulu sai wanda likitan dabbobi ya ce ya dace da zomo. Busarwar ta fi wankin ɗaukar lokaci: a danna tawul a kai ba tare da gurzawa ba, a canza wani busasshe, in za a sa na'urar busar da gashi to a mafi ƙarancin zafi, daga nesa, hannunki yana wurin kina jin abin da fatar take ji. Kada ki mayar da shi keji sai kin buɗa gashin kin ga ya bushe har tushe. Ko da wasa kuma kada a ɗaga shi ta kunne.

Rawayar tafin ƙafa ki rabu da ita. Rinin fitsari ne daga shimfiɗa, ba ya cutar da shi, kuma zai tafi idan ya sake gashi. Gashin tafin nan shi ne takalminsa, don ba shi da tsokar tafi irin ta kare ko kyanwa, kada a aske shi. Ki dai riƙa canza shimfiɗar, ki wanke wurin fitsarinsa da farin ruwan khal, yana narkar da farin daskararren abin da fitsarin zomo yake bari. Mafi yawan warin da ake ɗora wa zomo daga nan yake fitowa. Saura kuma daga wasu 'yan aljihu biyu ne a gefen al'aurarsa, inda wani baƙin maiƙo yake taruwa. Auduga mai ɗan danshi ta isa ta share shi.

Yanzu ga abin da nake so ki fi mayar da hankali a kai. Zomo mai lafiya ba ya yawo da kashi a jikinsa. Kashi iri biyu yake yi: busassun ƙwallayen da kike sharewa, da wani mai laushi mai sheƙi da yake fitowa a cure kamar 'ya'yan inabi. Na biyun nan yana karɓarsa da baki tun daga dubura ya cinye, don akwai sinadaran gina jiki da bitamin a ciki. In kin ga ya manne masa, to wani abu ne ya hana shi ci: ko ƙiba ta hana shi kai baki wurin, ko ciwon gaɓoɓi, ko haƙora sun yi tsawo suna yi masa zafi, ko kuwa abincin ne ya yi yawan hatsi da kayan zaƙi. Busasshiyar ciyawa ya kamata ta zama kusan kashi 80 cikin ɗari na abin da yake ci. Ko wace hanya kika bi wajen tsaftacewa, in ba a gano dalilin ba, bayan kwana biyu dattin zai dawo. Ki kai shi a duba haƙoransa da nauyinsa.

In kuma ƙuma ce ta sa kike tunanin wanka, shi ma ba a yi da sabulun kashe ƙwari. Maganin ƙuma na karnuka da kyanwoyi mai sinadarin fifronil, irin su Frontline, yana iya kashe zomo. Likita ne zai zaɓa miki wanda ya dace da shi.

Kafin ki samu zuwa, ki riƙa ɗaga bindinsa kina dubawa safe da yamma, musamman lokacin zafi. Ƙudaje suna bin danshi da wari su yi ƙwai a gashin, cikin ƙasa da kwana ɗaya su ƙyanƙyashe, tsutsotsin su fara cin naman. In kin ga wasu fararen ɗigo-ɗigo manne da gashi, ko tsutsa ko da guda ɗaya ce, kada ki tsaya wanke shi, don jiƙaƙƙen gashi yana wahalar askewa. Ki naɗe shi a busasshen tawul ki tafi da shi wurin likita a wannan sa'ar.