Inshorar boila a gidan haya a Ingila: wa take yi wa rana, wa take ci wa kuɗi

'Yan'uwa da dama da ke zaune a Kano, Kaduna da Abuja sun mallaki gida a Ingila, wani a Manchesta, wani a Bamingham, wani a gefen Landan, sun zuba 'yan haya sun bar wa ejan kula. A takardar lissafin da ejan ke turowa akwai layi guda da ke ɗaure wa mutane kai: kuɗin inshorar boila, fam 20 da ɗoriya kowane wata. Shin dole ne a biya, ko kuwa kuɗi ne ke zurarewa a banza?

A gida Najeriya ba mu da abin da ya yi daidai da boila. In hunturu ya kankama a Kano ko Jos, a ɗora ruwan wanka a kan risho, a ƙara bargo, shi ke nan. A Ingila kuwa, daga Oktoba zuwa Afrilu gida ba ya zaunuwa sai da ɗumi. Boila akwati ce kamar ƙaramin firji, maƙale a bangon kicin. Tana ƙona iskar gas da ke shigowa ta bututu daga titi, ba tukunyar gas irin wadda ake kaiwa a cika ba. Ta dafa ruwa, famfo ya tura shi cikin radiyetoci, wato ƙarafan ɗumama da ke jikin bangon ɗakuna, ya zagayo ya dawo. Yawancin ƙananan gidajen haya suna da irin da ake kira kombi, wadda ita ce kuma ke ba da ruwan zafi na wanka da wanke-wanke nan take, ba tanki. Ka ɗauka janareta da sumon rijiyar burtsatse ne aka haɗa a akwati ɗaya. In ta tsaya, gidan ya tsaya.

Bambanci na biyu shi ne doka. A gida ɗan haya ya biya kuɗin shekara, in famfo ya lalace sau da yawa shi ke kiran mai gyara daga aljihunsa. A Ingila dokar masu gida da 'yan haya ta 1985, sashe na 11, ta ɗora gyaran abin ɗumama gida da na ruwan zafi a wuyan mai gida, kuma ba ya iya rubuta yarjejeniya ya mayar wa ɗan haya wannan nauyi. Dokar ba ta ƙayyade kwanaki ba, ta dai ce a gyara cikin lokacin da ya dace, amma rashin ɗumi a tsakiyar sanyi ana ɗaukarsa abin gaggawa ne, musamman in akwai jariri ko tsoho a gidan. In aka yi jan ƙafa, ɗan haya na iya kai ƙara ga ƙaramar hukuma, yana kuma iya neman diyya.

Sai dokar iskar gas ta 1998. Kowace shekara dole injiniya mai rajista da Gas Safe, wato rajistar hukuma ta masu aikin gas, ya duba boila da murhu da hanyar fitar hayaƙi, ya ba da takardar da kowa ke kira CP12. A ba ɗan haya kwafi cikin kwana 28, sabon shiga kuma kafin ya tare, mai gida ya ajiye nasa shekara 2. Wanda ya ƙi yi yana fuskantar tara, har da ɗauri. Tun ranar 1 ga Oktoba 2022 kuma dole a sa ƙararrawar gano gubar hayaƙi a ɗakin da boila take. Gubar nan ita ce dai wadda ke hallaka iyali in aka kwana da janareta a rufaffen ɗaki: ba wari, ba launi. To a rarrabe: dubawar shekara ita ce tilas. Inshorar boila zaɓi ce, ba dokar da ta ce a saya.

Kamfanoni irin su British Gas da HomeServe da ƙanana masu yawa suna sayar da ita hawa-hawa. Akwai ta boila kaɗai, akwai wadda ta haɗa da radiyetoci da bututu, akwai wadda ta kai har magudanar ruwa da wayoyin lantarki. Ta masu gidan haya yawanci tana zuwa da CP12 da sabis na shekara a ciki. Mu ɗauki mai fam 25 a wata, wato fam 300 a shekara. In ka kira injiniyan unguwa ya yi maka CP12 da sabis a zuwa ɗaya, za ka biya kusan fam 120 zuwa 150, a Landan ya fi haka. Ke nan abin da kake biya don kariya daga lalacewa bai wuce fam 150 zuwa 180 ba. Sannan tsare-tsare masu araha suna da kuɗin da kai za ka fara ajiyewa duk kiran da aka yi, tsakanin fam 50 da 100. A ɗaya ɓangaren, canjin famfo ko fanka ko bawul ɗin da ke karkatar da ruwa tsakanin radiyeta da shawa yakan kama fam 200 zuwa 400 da kuɗin aiki. Allon lantarkin da ke sarrafa boilar na iya kai fam 500. Sabuwar kombi da ɗaurawa, fam 2,000 zuwa 3,500. In ka yi lissafin, sai boilarka na yin babbar lalacewa kusan duk shekara biyu kafin inshorar ta mayar da kuɗinta. Lafiyayyar boila ba ta yin haka.

Kiraye-kirayen da 'yan haya ke yi a lokacin sanyi, da yawansu ba lalacewa ba ce. A fuskar boila akwai ɗan agogo mai allura da ke nuna matsin ruwa. In tana sanye, allurar ta tsaya tsakanin 1 da 1.5. In ta faɗi ƙasa da 1 sosai, boila na kulle kanta. A ƙarƙashinta akwai ɗan tiyo mai launin azurfa da makunni ɗaya ko biyu. A kashe boila, a buɗe makunnin a hankali, za a ji ruwa na shiga, allura ta kai 1.5 a rufe gam. Minti biyu ne. Amma in ana ƙarawa duk mako, akwai yoyo a wani wuri. In kuma allurar na hawa kusa da 3 da zarar ɗumi ya kama, har ruwa na ɗiga ta bututun tagulla a waje, to tulun da ke shanye kumburin ruwa ne ya rasa iskarsa, wannan aikin injiniya ne. Na biyu, tun 2005 sababbin boilolin da ake ɗaurawa suna fitar da wani ruwa ta farin bututun roba zuwa kwata. In bututun ya bi ta waje, a daren da sanyi ya kai ƙasa da sifili sai ya daskare, boila ta yi ta gurgur ta mutu. A babban sanyin ƙarshen Fabrairu da farkon Maris na 2018 gidaje masu yawa wannan ne ya tsayar da su. Maganinsa a zuba ruwan ɗumi a kan bututun, ban da tafasasshe don yana fasa roba, sannan a danna maɓallin sake tashi. Saura kuma batirin na'urar saita ɗumi da ya ƙare, ko kuɗin mitar kati da ya ƙare ba a lura ba. Mai gidan da ya bar wa ɗan haya takarda guda mai bayanin waɗannan huɗu ya rage kiran banza da yawa. Murfin boila kuwa ba mai buɗewa sai mai rajista.

Inda mutane suka fi shan mamaki shi ne abin da inshorar ba ta biya, kuma babbansu dagwalo ne. Radiyeta ƙarfe ce, ruwa na zagaya cikinta shekara da shekaru, tana tsatsa ta ciki, tsatsar ta zama baƙin laka kamar tsohon man inji. Alamarsa radiyeta ta yi zafi a sama, ƙasanta sanyi ƙalau. In sama ce ta yi sanyi, iska ce kawai, ɗan mabuɗi ke fitar da ita. Lakar nan ita ke cin famfo, ta toshe siraran hanyoyin da ke ɗumama ruwan wanka, sai shawa ta riƙa zafi tana sanyi. Kusan kowace yarjejeniya ta cire lalacewar da dagwalo ya jawo. Injiniyan kamfani zai zo, ya tsiyayi ruwan radiyeta a kofi, ya ga baƙi, ya ce sai an wanke bututun gidan duka da inji, kuɗin kuma naka ne, fam 400 zuwa 700 gwargwadon yawan radiyetoci. Har sai an yi, ba za su sake gyara wannan matsalar ba. Haka farin dutsen da ruwa ke bari. Ruwan Landan da kudu maso gabas yana da shi sosai, irin wanda ake gani a gindin buta, kuma in ya taru boila na ƙara kamar buta na tafasa. Ruwan Manchesta da Bamingham da Sikotland bai cika yin haka ba. Kariya daga waɗannan tana da sauƙi: matatar maganaɗisu irin MagnaClean a kan bututun da ke dawowa boila, lita ɗaya ta maganin hana tsatsa irin Fernox ko Sentinel a cikin ruwan, da na'urar rage dutse in gidan yana kudu. Fam 150 zuwa 250 sau ɗaya, kuma a ganina ya fi kuɗin inshorar shekara amfani.

Sauran sharuɗɗan a karanta su da ido biyu. Ba sa biyan lalacewar da ta riga rajista, shi ya sa ake jiran kwana 14 zuwa 30 kafin kira na farko, wasu kuma sai sun zo sun duba tukuna. Wasu ba sa karɓar boilar da ta haura wasu shekaru. In kayan gyaranta sun ƙare a kasuwa, ko kuɗin gyaran ya fi darajarta, sai su ce ba ta gyaruwa, kuma in tsohuwa ce, sabuwa daga aljihunka za ta fito.

Saboda haka shekarun boila ne ke yanke hukunci. In sabuwa ce, Worcester Bosch ko Vaillant ko Ideal ko Baxi, tana da garantin kamfani na shekara 5 zuwa 10, wasu har 12, muddin an yi mata rajista cikin kwana 30 da ɗaurawa kuma ana rubuta sabis na kowace shekara a littafinta. Sayen inshora a kan wannan biya biyu ne. Ka riƙe sabis ɗin kada ya tsallake ko shekara ɗaya, don nan garanti ke mutuwa. In ta haura shekara 15, kuɗin watan nan gara a tara shi don sabuwa. Wadda inshora ke yi wa rana ita ce ta tsakiya, wadda garantinta ya ƙare amma kayan gyaranta na nan.

Nisa ma abin dubawa ne, kuma a nan ne mai gidan da ke zaune a Najeriya ya bambanta da wanda ke unguwa ɗaya da gidansa. Boila ta mutu daren Asabar a watan Janairu, ejan ya rufe ofis, kuɗin gyaran ya wuce iyakar da ka ba shi izinin kashewa, sai an same ka a waya, sai an jira kuɗi ya iso. Da inshora, ɗan haya na da lambar da zai kira da kansa kowane lokaci. Abin da kake saye ke nan, hanzari da kwanciyar hankali, ba rangwame ba. Sai dai a makon da sanyi ya tsananta ko manyan kamfanoni suna cika, a jira kwanaki, don haka a duba ko sun yi alƙawarin lokacin zuwa a rubuce. A kuma ajiye hitar lantarki biyu masu mai a ciki a gidan, kowace ba ta wuce fam 40 zuwa 60 ba, su riƙe ɗakin kwana kafin injiniya ya iso.

Kafin a sa hannu, a tabbata tsarin na masu gidan haya ne, don na mai zama a gidansa ba ya aiki in an ba da haya. A duba inshorar ginin, wataƙila tana da sashen gaggawa da ya riga ya haɗa da boila, ko da yake da iyakar kuɗi a kowane kira. A tambaya ko inshora ce ta gaske da ke ƙarƙashin hukumar FCA mai sa ido kan kamfanonin kuɗi, wadda in an saɓa akwai ofishin sasanci na kyauta da za a kai kuka, ko kwangilar gyara ce kawai. Farashin shekarar farko na jan ciniki ne, na biyu yakan tashi kuma yana sabunta kansa, saboda haka a kira su wata guda kafin ya cika. Kuɗin da aka biya ana cire shi daga kuɗin haya kafin lissafin haraji. Wanda ke zaune a waje kuma ya sani ejan zai riƙa cire harajin kashi 20 daga kuɗin haya ya miƙa wa hukumar haraji, sai in ya cike takardar NRL1 ta neman a daina cirewa, an amince masa.

Akwai waɗanda zuciyarsu ba ta kwanta da inshora ba saboda addini. Hanyarsu a buɗe take, kuma ita masu gidaje da yawa ke bi: a ware fam 30 zuwa 40 kowane wata a asusu na daban a wani banki a Ingila, a ba ejan izini a rubuce ya taɓa shi har wani adadi ba sai ya tambaya ba, a kuma riƙe injiniya ɗaya na unguwar. A nemi katinsa na Gas Safe, akwai lamba mai alƙaluma 7 da ake tantancewa a intanet, bayan katin kuma an jera ayyukan da ya cancanci yi. A sa sabis a Agusta ko Satumba lokacin da ba su da cunkoso. Doka ta yarda a yi dubawar har wata biyu kafin tsohuwar takarda ta ƙare ba tare da ranar ta sauya ba. A jikin boilar kuma a manna lambar wayar injiniyan, tare da 0800 111 999, lambar da ɗan haya zai kira in ya ji warin gas, bayan ya buɗe tagogi, ya rufe makunnin da ke gefen mita, ya fita waje ba tare da ya taɓa makunnin wuta ba.